Cimakar gwamnati: a raba kyauta ko a sayar?

Kowace shekara, daga watan Yuni zuwa Satumba, rumbuna sukan yi ƙasa a ƙauyukanmu. Tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. A lokacin nan ne talaka yake zuba wa hukuma ido. Sai gardama ta tashi. Gwamnati ta raba cimaka kyauta? Ta sayar da rahusa? Ko ta bar kasuwa ta yi halinta? Gardamar nan ta daɗe a Nijar. Bari mu bi ta daki-daki, don mu gane abin da ake nufi idan muka ji an ce za a rage taimako.

Mafarin zancen

A shekara ta 1970 gwamnati ta kafa ma'aikatar OPVN. Aikinta sayen hatsi da kaka, ta adana, ta fito da shi lokacin tsada. Sai aka yi babban fari a 1973. Taimako ya zo daga waje, amma bai kai ga mabukata yadda ya kamata ba. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka kifar da mulkin Jori Hamani, Seyni Kunce ya hau. Yunwa tana cikin dalilan da suka bayar. Tun daga ranar, kowane shugaba ya san yunwa tana iya kayar da mulki. Shi ya sa kalmar take yi wa mahukunta nauyi a baki.

Bayan 1980 kuɗin yuraniyom ya faɗi, bashi ya yi wa ƙasa yawa. Bankin Duniya da asusun FMI suka ce sai an rage kashe kuɗi kafin su ba da rance. Aka rage aikin OPVN, aka bar mata ajiyar ko-ta-kwana. Cinikin hatsi ya koma hannun ƴan kasuwa.

Abin da ya faru a 2005

A damanar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka a wasu wurare. Abin da aka girbe ya kasa abin da ƙasa take ci da wajen tan 223,000. Giɓin bai kai na 1984 ba. Amma tsada ta yi muni. Ƴan kasuwa suka kai hatsi Najeriya inda ya fi kuɗi. Wasu maƙwabta kuma suka hana fitar da nasu. Buhun gero na kilo 100 ya haura jika 25 a kasuwanni da yawa. Kuɗin bisashe kuwa ya faɗi. Mai akuya ya sayar da ita, bai samu hatsin da ya saba samu ba. Ga hatsi a kasuwa, ga mutane babu abin saye. Fiye da mutum miliyan 3 suka shiga matsi.

Ana cikin haka, a farkon shekarar, gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan madara, garin alkama, sukari, ruwa da wutar lantarki. A watan Maris jama'a suka yi babbar zanga-zanga a Yamai, aka rufe kasuwanni a garuruwa. A watan Afrilu aka janye harajin daga kan madara da garin alkama.

Game da hatsi, gwamnati da ƙasashe masu ba da taimako sun zaɓi sayarwa da rahusa: buhu a kan jika 10. Suka ƙi rabon kyauta.

Hujjar kowane ɓangare

Masu ƙin kyauta sun ce: idan hatsin kyauta ya cika gari, farashi zai karye, manomi ya yi hasara da kaka. Ɗan kasuwa kuma zai daina kawo kaya. Sun ce kyauta tana sa mutane su saba da miƙa hannu. Sun ƙara da cewa baitulmali ba shi da ƙarfin ciyar da kowa.

Masu neman kyauta, wato ƙungiyoyin farar hula da likitocin ƙungiyar MSF, suka amsa: wanda ba shi da dala, rahusa ba ta amfane shi ba. Jika 10 da jika 25 duk ɗaya ne a wurinsa. Hatsin rahusar ma bai isa ba.

Kowace hujja tana da ƙamshin gaskiya. Abin da yake raba su shi ne lokaci. Kyauta da kaka tana iya cutar manomi. Hana ta da damana yana cutar yaro. Yana cutar gona ma, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Magidancin da gidansa ba hatsi yakan bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani. Gonarsa ta yi ciyawa, girbinsa ya ragu. Ya ci bashin tiya ɗaya, ya biya fiye da haka da kaka. Baɗi kuma rumbunsa ya riga na kowa ƙarewa. Haka talauci yake haifar yunwa, yunwa ta sake haifar talauci.

Sai a watan Agusta babban rabon kyauta ya kankama, tare da hukumar cimaka ta duniya, PAM. A watan nan shugaba Tanja Mamadu ya faɗa wa gidan rediyon BBC cewa babu yunwa a ƙasar, ƙarancin cimaka ne kawai a wasu yankuna. A shekarar, MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani. Mafi yawansu daga jihohin Maraɗi da Damagaram suke, inda aka fi noma.

Me ya biyo baya?

A 2006 aka ayyana magani kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5. A 2010 aka sake shiga matsi. Gwamnatin Salu Jibo ta fito fili ta amsa akwai yunwa, ta nemi taimako da wuri. Amma taimakon waje ba shi da tabbas. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, ta yanke kuɗin agaji da yawa. Gardamar can ta taɓa tukunyarmu a nan.

Abin da yake hannunmu

Na farko, kada mu sayar da hatsi duka da kaka, lokacin da ya fi araha. Inda akwai ƙungiyar manoma mai karɓar jinginar hatsi, mu ajiye buhu a can, mu karɓi rance, mu fanshe shi idan ya yi daraja.

Na biyu, mu riƙe bankin cimaka na gari da amana. A rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. A karanta lissafin a gaban kowa, maza da mata.

Na uku, idan za a yi rabo, mu nemi a karanta sunaye a bainar jama'a. A fara da gwauraye mata, tsofaffi, masu ciki da masu goyo. Mu da muka iya karatu, mu duba takardar da idonmu.

Na huɗu, mu lura da yara. Idan yaro ya rame, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ko ya ƙi cin abinci, a kai shi gidan likita ranar nan. Za a auna damtsensa da zare mai launi. Idan ya nuna ja, yana cikin haɗari. Uwa ta ci gaba da ba shi nono.

A ƙarshe, duk wanda ya zo neman ƙuri'armu, mu tambaye shi: tan nawa ke cikin rumbun ƙasa, wa zai samu, kuma a wane wata? Faɗin yunwa ba abin kunya ba ne. Ɓoye ta ne yake jinkirta magani. Allah ya ba mu damana mai albarka.