Farin Tabo a Fatar Mai Juna Biyu: Ba Kuturta Ba Ne

A ƙauyukanmu, tun daga Lafagu da Bagudo har bakin iyakar Benin, da zarar an ga fatar mace ta yi fari fat a hannu ko gefen baki, sai a fara raɗe-raɗin kuturta ko sammu. Wata a ware mata kwano, wata ma a hana ta shayar da jaririnta. Wannan tabo shi likitoci ke kira bitiligo, kuma yana samun kimanin mutum 1 cikin 100 a duniya.

Me ke kawo shi?

A cikin fata akwai ƙwayoyin halitta masu samar da launi. A cikin jini kuma akwai sojojin jiki masu yaƙar cuta. Wani rukuni nasu, da ake kira ƙwayoyin T, shi ke rikicewa ya ɗauki masu samar da launin a matsayin abokan gaba, ya hallaka su. Inda suka ƙare, sai fata ta yi fari. Wasu sojojin kan yi zaman dirshan a wurin, shi ya sa tabon kan dawo inda yake ko bayan an sami sauƙi.

Tunda daga cikin jiki abin ya taso, ba a ɗaukarsa ta musabaha, cin abinci tare, kwanciyar aure ko nono. Mafi yawan 'ya'yan masu shi ba sa samunsa. Tabon kuturta kan mace, a taɓa ba a ji. Na bitiligo kuwa yana ji sarai. Duk da haka, a bar wa ma'aikatan lafiya su tantance.

Abin da mai ciki za ta kiyaye

Ki nuna tabon ranar awon ciki. Sojojin da suka far wa fata kan taɓa halittar maƙogwaro da ake kira tayirod, wadda jariri ke buƙatar aikinta domin ginin ƙwaƙwalwarsa. Gwajin jini ke nuna lafiyarta.

Ki guji tsaga, sakiya da ƙaho, domin sabon tabo kan fito inda fata ta ji rauni. Kada ki shafa man bilicin ko wani haɗi na kasuwa. Ko man da aka amince da shi a Amurka a 2022, mai kwantar da waɗannan sojoji, ba a ba mai ciki ko mai shayarwa. Ki riƙa rufe wurin daga rana, don farar fata na saurin ƙonewa. Bayan haihuwa, likitan fata a asibitin koyarwa na Birnin Kebbi ko Sakkwato zai duba maganin da ya dace da ke.

Wata 'yar Nijeriya mai wannan tabo, Ogo Maduewesi, ita ta fara taron ranar bitiligo a Legas a 2011, ranar 25 ga Yuni, don a daina ƙyamar masu shi. Maigida, uwar miji da kishiyoyi, a bar mai jego ta rungumi ɗanta ta ba shi nono. Allah Ya raba lafiya.