Ƙwaƙwalwar inji, a mota da a jirgin sama

Hirarmu ta yau a kan wani ɗan akwati take, wanda ke cikin motocin zamani.

Dattawa daga cikinku sun san Peugeot 404 da 504. In ta mutu a hanya, makaniki ya kwance karbirato ya hura, ya goge buji, ya taɓa delko. Da kile da turnabis ya gama aikinsa. Yawancin motocin da ke zo mana daga Turai yanzu ba su da karbirato. Wani akwati ne, girmansa kamar littafi, yake raba mai da wuta. Shi ake kira ƙwaƙwalwa. Direbobi da yawa ba su yarda da ita ba. To, tsoron nan yana da dalili?

Mu fara da aikinta. Inji yana son iska da mai bisa ma'auni: kusan kilo 15 na iska ga kilo 1 na isansi. Ƙwaƙwalwa tana da ƴan rahoto, ana ce musu kaptar. Wani yana auna iskar da ke shiga. Wani yana auna zafin ruwa. Wani yana shinshina hayaƙi. Wani kuma yana ƙidaya juyin babban ƙarfen inji. In ta ji rahotonsu, sai ta yanke yawan man da za a fesa, da lokacin da buji zai ba da wuta. Injin da ke juyi 3000 a minti yana juyi 50 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Kowane juyi da lissafinsa.

Farkon abin bai yi daɗi ba. A 1958 kamfanin Chrysler na Amurka ya sa irin wannan na'ura a ƴan motoci kaɗan. Ta yi ta ba da wahala, har aka cire ta daga yawancinsu aka maida karbirato. A 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da wadda ta yi aiki, a cikin Volkswagen 1600. A 1979 aka haɗa rabon mai da rabon wuta cikin akwati ɗaya, a motar BMW. Daga 1996 doka ta ce kowace sabuwar mota a Amurka ta zo da kafar da ake sa na'urar bincike, mota ta faɗi ciwonta da kanta. Turai ta bi baya a 2001.

Yau akwatin kansa ba ya cika lalacewa. Babu abin da ke juyi a cikinsa, don haka babu abin da zai cinye. A ganina, ya fi karbirato da delko aminci nesa ba kusa ba. Matsala tana wajen maƙwabtansa. Waya ta bushe don zafi ta tsage. Ƙura ta shiga mahaɗin waya. Ɓera ya ci roba. Man kwalba mai datti ya toshe bakin fesa mai. Sau da yawa ana zargin ƙwaƙwalwa, a sayi wata da tsada, alhali waya guda ce ta yi tsatsa.

In ɗan rahoto ɗaya ya yi shiru, yawanci mota ba ta mutuwa. Ƙwaƙwalwa ta kunna fitila gaban direba, ta rage ƙarfi, mota ta lallaɓa har garaji. Amma in mai ƙidayar juyi ya mutu, a motoci da yawa inji ya tsaya ke nan. Haka in kuran ya yanke. Ba kuran, ba ƙwaƙwalwa, ba famfon mai.

Don mu ga nauyin wannan magana ta kuran, bari mu dubi inda tsayawar inji ke iya cin rai. A Amurka akwai mutanen da ke ƙera ƙaramin jirgin sama a gida, mai ɗaukar mutum biyu ko huɗu. Kada ku yi mamaki, doka ta yarda, in mai shi ya yi fiye da rabin aikin da hannunsa. Sun kafa ƙungiyarsu a 1953, kuma kowace shekara suna taro a garin Oshkosh. Waɗansu suna sayen injin jirgi. Waɗansu suna ɗauko injin mota, kamar na Volkswagen ko Subaru, don ya fi arha.

Tsohon injin jirgi yana da wata na'ura, manyeto. Kamar dinamon keke take: muddin inji yana juyi, ita ke yi wa buji wuta. Ba ruwanta da batir. Kuma biyu ake sa wa, kowace silinda da buji biyu. Kafin tashi, matuƙi ya kashe ta hagu ya saurara, ya kashe ta dama ya saurara. Tsohuwar dabara ce, tana shan mai, tana son gyara a kai a kai. Amma ko batir ya mutu murus, jirgi yana ci gaba da tafiya.

Injin mota na zamani ba haka aka yi shi ba. Wanda ya ƙera shi ya san akwai gefen hanya. A sama babu gefen hanya. Hukumar binciken haɗura ta Amurka ta ba da rahoto a 2012. Ta ce jiragen gida kusan 10 ne cikin 100 na ƙananan jiragen ƙasar, amma a 2011 su ne da haɗari 21 cikin 100 na waɗanda aka rasa rai. Mutuwar inji tana cikin manyan dalilai. Ba duka ne laifin ƙwaƙwalwa ba, amma ya nuna abin da ke bin tsayawar inji.

Sai mutum ya ce, a sa ƙwaƙwalwa biyu mana. Ana sa wa. Amma ku ji abin da ya faru a garin Speyer na Jamus a watan Maris na 2007. Jirgin ma ba na gida ba ne, na kamfani ne, Diamond DA42. Inji biyu gare shi, kowane da ƙwaƙwalwa biyu. Batir ya yi sanyi, aka tada injunan da kuran na waje. Jirgi ya tashi. Da matuƙi ya naɗe ƙafafun jirgi, aikin ya ja kuran da yawa, wuta ta yi ƙasa na ɗan ƙiftawar ido. Injuna biyu suka mutu tare, jirgi ya dawo ƙasa ba shiri. Guga huɗu ne a igiya ɗaya. Bayan haka aka tilasta sa wa ƙwaƙwalwar irin wannan jirgi batir nata na ko-ta-kwana.

Shi ya sa injin Rotax 912 iS, wanda aka fito da shi a ƙasar Ostiriya a 2012, komai nasa biyu ne: hanyar ƙwaƙwalwa biyu, famfon mai biyu, dinamo biyu. Masu ƙera jirgi a gida da suka san aiki su ma haka suke yi. Suna raba wayoyi, suna ƙara batir na biyu, suna gwada kowane kafin tashi.

Yanzu mu sauko ƙasa, mu koma garaji. Akwai wata al'ada da ta rage tun zamanin 404. Makaniki ya cire kan batir inji yana aiki, wai ya ga ko dinamo yana caji. A motar zamani kada ka yarda a yi maka haka. Kuran yana iya hawa farat ɗaya ya ƙone ƙwaƙwalwa. Akwai ƴar na'urar awon kuran, da ita ake wannan gwaji. In za a yi walda a jikin mota, a fara cire batir. In za a wanke inji, kada a watsa ruwa mai ƙarfi kan akwatin da mahaɗan waya. In kuma fitilar inji ta kama, a kai motar a sa mata na'urar bincike, a duba waya da kan batir, kafin a yi maganar sayen sabon akwati.