Rumfar bayan a-kori-kura: wacce ta dace da ɗan kasuwa mai kwana a hanya?

Duk wanda ya taɓa kwana a Birnin Ƙonni daren Asabar, jajibirin kasuwar Illela, ya san abin da muke nufi. Motoci ne jere a bakin gudro, wani direba ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota, wani ya naɗe a kujerar gaba, yaron mota kuwa yana bisa buhuna yana gadin kaya da ido ɗaya. Haka abin yake a Ɗan Isa, haka yake a Magarya daren Laraba ga masu sammakon kasuwar Maigatari. Kwanan hanya ba sabon abu ba ne ga ɗan kasuwa, amma ya ƙaru. Rufe iyakar Najeriya daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, sun koya wa mutane da yawa cewa tafiyar yini tana iya komawa ta kwana uku. Ga kuma hanyoyin da ba a bin su da dare saboda ɓarayi. Shi ya sa masu a-kori-kura da dama ke neman yi wa bayan motarsu rumfa, ta tsare kaya da rana, ta zama ɗaki da dare.

Rumfar nan iri-iri ce. Wadda muka tashi muka tarar ita ce ta tamfol bisa bakan ƙarfe, irin ta Peugeot 404 da 504 da ake kira bashe. Daga baya Toyota Hilux da Land Cruiser suka karɓe hanya, masu walda suka shiga ƙera musu akwati na ƙarfe ko na alminiyon. Sai ta baya-bayan nan, mai sheƙi da tagogin gilashi, wadda ake zubawa da faiba, wato roba mai zaren gilashi a ciki. Ita wannan takan zo ne maƙale da motocin hannu da ake saukewa a tashoshin ruwa irin su Kwatano da Lome. A Amurka aka fi yin ta, inda kamfanoni kamar Leer da SnugTop ke ƙera ta domin masu fita farauta da kamun kifi da kwanan daji na shaƙatawa. Su don nishaɗi suke kwana a mota, mu don neman abinci, kuma wannan bambanci shi ne ya kamata mai saye ya riƙe a ransa.

Abu na farko, kafin a yi maganar kuɗi, a ɗauko awo. Bodin Hilux mai ƙofa huɗu bai wuce kimanin mita 1 da rabi ba. Baligi ba ya miƙewa a ciki, sai dai ya kwanta a karkace ko ya sauke ƙyauren baya ƙafafunsa na waje, sauro na biki. Mai ƙofa biyu ita ce bodinta ya haura mita 2, nan ne mutum zai kwanta sosai har ya bar wa jakarsa wuri. Akwai kuma tudun tayoyi da ke cin faɗin bodi hagu da dama. Dabarar da masu wayo ke yi ita ce su ɗora katako bisa tudun nan daga gefe zuwa gefe, sama ya zama gado, ƙasa ya zama ma'ajiya. To amma in an yi haka da rumfar da tsayinta daidai yake da kan direba, ba za ka iya zama ba sai ka sunkuya. Mai niyyar kwana ya nemi wadda ta ɗan ɗara kan mota tsawo.

Awo yana da wani amfani. Ita rumfar faiba ana zuba ta ne daidai da mota guda, ƙira guda. Wadda aka cire daga Tacoma ko Ford ta Amurka ba lalle ta zauna daram bisa Hilux ba, ko da ido ya nuna kamar za ta hau. In ta bar rata komai ƙanƙantarta, ruwan Agusta zai gano ta, ƙurar hunturu ma haka. Kada dillali ya ce maka za a cike da roba. A kai motar wurin, a ɗora, a gani.

Sai nauyi. Hilux na ɗaukar kimanin tan 1 ne, har da direba da fasinja, ko da yake mun san ba a faye jin wannan magana a tashoshinmu ba. Duk kilon da rumfa ta ci, daga rabon kaya ta ci. Ta faiba takan kai nauyin babban mutum, ta alminiyon ba ta kai haka ba, ta baƙin ƙarfe kuwa in mai walda ya saki hannu tana iya cinye wurin buhun gero biyu, kullum, har ranar da motar ke dawowa wayam. Sifirin na baya ne ke biyan wannan bashi, shi da tankin mai. Kuma kan rumfar faiba ba a yi shi don buhuna ba. Wanda ya san sai ya yi lodi a sama, to a kafa masa ƙarafan da za su tsaya bisa bodi, ba bisa rumfa ba, ya kuma tuna cewa mota mai kaya a ka ta fi saurin kifewa a kwana ko a yashi.

Yanzu ga maganar da ta sa muka ɗauki alƙalami, maganar iska. Mutum ya ga rumfa ta rufe ruf sai ya ce ya more, alhali nan ne haɗari yake. Hayaƙin salansa yana ɗauke da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. In ta shiga jini sai ta tare wurin iskar da jiki ke rayuwa da ita. Tana farawa da ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya ma jin waɗannan, sai dai a tashe shi da safe a ga bai motsa ba. Garwashin gawayi ma yana fitar da ita. Mun san al'adarmu da sanyin Disamba da Janairu: a hura mangal a dafa shayi, in an gama a jawo shi kusa da shimfiɗa. A fili babu laifi. A cikin rumfar da aka rufe, wannan mangal ɗin yana iya kashe duk wanda ke ciki kafin kiran asalatu. Kada a shigar da wuta, kada a kwana inji na aiki, kada kuma a tsaya dab da bayan babbar motar da direbanta ya bar ta a kunne.

Ko a kan tafiya ma akwai abin lura. Mota in tana gudu, iskar bayanta tana murɗawa ta koma ciki ta ratar ƙyauren bodi. Shi ya sa za ka rufe kaya tsaf daga Maraɗi, ka isa Dakoro ka tarar sun yi ja wur da ƙura. Ta wannan ƙofa hayaƙi ke bi, don haka zuba yara ko fasinja cikin rufaffiyar rumfa ganganci ne. Maganin ƙurar shi ne a liƙa roba a kewayen ƙyaure, a kuma buɗe ƴar kafar iska a gaban rumfa ko a samanta, mai fuskantar gaba, yadda iska mai tsabta za ta shigo ta tura ta ciki waje. Masu jigilar jarkokin mai su kuma su san cewa tururin isansi in ya taru a rufaffen wuri, ƙyastawar ashana ɗaya ta isa. Wannan kaya da wurin kwana ba sa haɗuwa.

Don haka rumfar kwana sai da taga biyu aƙalla, hagu da dama, masu buɗuwa, da ragar sauro a jiki. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, akwatin ƙarfe maras taga tanda ne, ba ɗaki ba. Farin fenti ya fi baƙi, kuma in an manna soso ko siririn katako ta ciki, zafin rana da raɓar asuba duk suna raguwa. A duba kuma ko ƙofar tana buɗuwa daga ciki. Da yawa daga waje kawai ake kulle su, saboda don kaya aka yi su.

In aka tambaye mu ra'ayi, ba mu raina tamfol ba. Ba ya tsare kaya daga mai reza, wannan gaskiya ne, kuma rana takan cinye shi. Amma ba shi da nauyi, yana shan iska, ana ɗage gefensa a ɗaura gidan sauro, in ya yage mai ɗinki a kowace kasuwa zai yi masa faci. Ranar da aka samu lodin firji ko raguna, a minti kaɗan an cire shi. A shingen duwan ko na jandarma ma ɗagawa ɗaya an ga abin da ke ciki, ba sai an sauke rabin kaya ba. Mai hatsi da albasa da dabbobi, tamfol ne nasa. Mai atamfa, magani, wayoyin salula ko kayan shago, wanda asararsa ke zuwa ta ruwa da hannun ɓarawo, shi ne ke da hujjar kashe kuɗi a kan akwati mai makulli, kuma alminiyon ya fi masa, tunda in ya lotse ana buga shi ya miƙe. Ita faiba kyau gare ta, sai dai in ta tsage a hanyar burji, mai gyaranta ba a kowane gari yake ba.

Wurin ɗaurawa, a fi son maƙalai masu noti da ke kama leɓen bodi a kan huda shi, domin kowace huda ƙofar tsatsa ce, kuma tana rage wa mota daraja ranar sayarwa. A sa roba tsakanin rumfa da bodi. Bayan tafiya ta farko a hanya mai gargada, a bi notin nan ɗaya bayan ɗaya da sifana, don sukan kwance. Kafin a miƙa cikon kuɗi, mai mota ya shiga ciki da kansa da tsakar rana, a rufe shi, wani ya kwara bokitin ruwa biyu a sama. Inda haske ya shigo, nan ƙura za ta shigo. Inda ya ɗiga, a nuna wa mai walda tun yana tsaye a wurin.