Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwar ma'aikaci kafin inji ya kama hannunsa

A masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa, da kamfanonin roba da leda na Bompai, akwai ɗimbin ma'aikatan da aikinsu shi ne su miƙa hannu kusa da bakin inji su janye, sau ɗaruruwa kafin a tashi. Ranar da tsautsayi ya faɗa, aka garzaya da mutum Asibitin Ƙashi na Dala da yatsu a murƙushe, kalmar da ake saurin furtawa ita ce sakaci. Binciken da masana ƙwaƙwalwa suka shafe shekara sittin suna yi ya nuna akwai gaggawa a wannan hukunci.

Mai tura fata cikin inji yana yin abu uku a lokaci guda: yana kafa hankalinsa a wuri ɗaya, yana riƙe wasu bayanai a ka na ɗan lokaci, yana kuma shirya motsi na gaba. A ƙwaƙwalwa, waɗannan ayyuka suna tarayya a sassa guda, musamman ɓangaren goshi da na saman kai ta baya.

A 1980 Michael Posner, masani ɗan Amurka, ya nuna cewa mutum na iya karkata hankalinsa zuwa wani wuri ba tare da ya motsa ido ba, kuma yakan fi saurin lura da abin da ya bayyana a wurin, ya yi jinkiri a sauran wurare. A 1987 Giacomo Rizzolatti na Jami'ar Parma a Italiya ya ƙara da cewa karkata hankali ga wuri tamkar shirin kai ido can ne. Har yau ana muhawara kan iyakar wannan ra'ayi, amma an yarda cewa hankali da shirin motsi a sarƙe suke. Ma'anarsa a cikin masana'anta ita ce, ma'aikacin da aka ƙwala wa kira daga hagu ya riga ya ɗauke wani kaso na hankalinsa daga wuƙar injin tun kafin ya waiwaya.

Sai batun riƙo na ɗan lokaci. A 1989 Patricia Goldman-Rakic da abokan aikinta a Jami'ar Yale sun koya wa birai su tuna inda wani haske ya bayyana na 'yan daƙiƙu kafin su kai ido wurin. Sun tarar da ƙwayoyin jijiya a ɓangaren goshi suna ci gaba da aiki bayan hasken ya ɓace, kowace tana riƙe da nata ɓangaren. Wannan ma'ajiya ƙarama ce ƙwarai. Nelson Cowan ya ƙiyasta a 2001 cewa abu huɗu take ɗauka, kuma katsalandan kaɗan kan zubar da su. A Kano, inda ɗaukewar wuta ta zama ruwan dare, a nan haɗari yake: inji ya tsaya, ma'aikaci ya sa hannu ya zare abin da ya maƙale, wani ya yi masa magana, sai ya sha'afa cewa makunnin yana kunne. Wuta na dawowa, ko janareta na tashi, inji ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ko ya hango haɗarin ma, janye hannu ba nan take ba ne. Tun a 1965 Hans Kornhuber da Lüder Deecke suka gano a Jamus cewa ƙwaƙwalwa na fara shirin motsi kusan daƙiƙa guda kafin gaɓa ta motsa. Soke motsin da aka riga aka shirya kuwa yana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, lokacin da ya ishi abin naɗi mai gudu ya ja yatsu. Rashin barci yana ƙara dagula lamarin. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa awa 17 ido biyu na rage kuzarin hannu da ido kamar yadda barasa ke yi, abin da ya shafi duk mai aikin dare da ya wuni yana wata sana'ar.

Shi ya sa allon "A yi hattara" da ake maƙalawa a bango bai wadatar ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu haɗari, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta ɗora biyan diyyar rauni a kan hukumar NSITF. Matakan da suka dace da yanayin ƙwaƙwalwa sanannu ne: makunnin da ba ya tayar da inji sai an danna da hannu biyu, na'urar da ke hana inji tashi da kansa idan wuta ta dawo, da kwaɗon da mai gyara zai rufe makunni da shi, ya jefa makullin a aljihunsa har ya gama.