Randar cikin ordinater

Rijiya tana da nisa da gida. Saboda haka uwargida takan cika randa tun da safe. In ƙishirwa ta zo, ba sai an koma rijiya ba.

Na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato ordinater ko kwamfuta, ita ma tana da rijiya da randa. A cikinta akwai wani ɗan ƙaramin abu mai yin lissafi, sunansa farosesa. Akwai kuma babbar ma'ajiya inda ake zuba lambobi. Farosesa yana da sauri ƙwarai, amma babbar ma'ajiya tana da nawa. Don haka aka yi masa ƴar ƙaramar ma'ajiya kusa da shi, ana ce mata kash. Ita ce randarsa. Ɗauko lamba daga kash mafi kusa ya fi zuwa babbar ma'ajiya sauri sau hamsin ko fiye.

Wani malami na ƙasar Ingila, Maurice Wilkes, ya bayyana wannan dabara a 1965. A 1968 kamfanin IBM ya fito da na'ura mai kash.

Amma abin da ke cikin kash kwafi ne kawai. Ga misali: ɗan lakkwal ya kwafe lissafi daga allo cikin kaye. Bayan ya fita, mushe ya goge, ya sake lambobin. In yaron ya dogara ga kayensa, zai kawo amsar da ba daidai ba.

Haka yake ga na'ura. Wasu lambobi na kayan da aka haɗa mata ne, kamar abin da ke karɓo saƙo daga intanet. Waɗannan lambobi suna sakewa da kansu. In farosesa ya karanta tsohon kwafi, saƙo ya iso bai sani ba.

Mai hana wannan ɓarna shi ne karnel, zuciyar babban tsarin da ke tafiyar da na'ura, irin su Linux. Karnel yakan raba ma'ajiya shafi-shafi, ya sa wa kowane alama. Wani shafi, a aje kwafinsa cikin kash. Wani kuwa, kullum sai an je can asalinsa an duba, ko da za a daɗe.

In karnel ya hana kash ko'ina, na'ura ta yi tafiyar hawainiya. In ya bar shi ko'ina, ta yi kuskure.

Tambayoyi
1. Mene ne amfanin kash?
2. Don me kayen yaron ya yaudare shi?
3. Wa ke sa wa shafuna alama?