Yarinyar da ke ɗauke da kayanka

Yau za mu yi magana a kan wata wadda ka sani sarai, ko da shi ke ba ka san sunanta ba. In kana ciniki a kasuwar Kejetia ta Kumasi, ko Makola ta Akra, kullum kana ganinta. Tana tafe da babban daro a ka, cike da doya ko albasa, tana bin mai kayan a baya har tashar mota. Mutanen Ghana suna ce da irinsu "kayayei." Rabin sunan nan namu ne, gama kaya Hausa ce, "yei" kuwa mata ke nan da bakin Ga, mutanen Akra. Da yawa cikinsu manyan mata ne masu neman halalinsu. Amma duba da kyau, za ka ga waɗansu ba su kai shekara 15 ba.

Dokar ƙasa ba ta yi shiru a kan wannan ba. Dokar Yara ta Ghana, ta 1998, ta ce kada a ɗauki yaro aiki sai ya cika shekara 15, aiki mai hatsari kuwa sai 18. Cikin ayyuka masu hatsari da ta lissafta har da dakon kaya masu nauyi. To, me ya kawo yarinyar nan?

Yawancinsu daga arewacin ƙasar su ke, wajen Tamale da Yendi da Walewale, ƙasar Dagwamba da Mamprusi. A kudu ana samun damina biyu a shekara. A arewa ɗaya ce tak, daga wajen Mayu zuwa Oktoba. In ta ɓaci, shekara ta ɓaci. Ga shi kuwa duniya tana ƙara zafi, saboda hayaƙin gawayin ƙasa da man fetur da iskar gas da a ke ƙonewa yana taruwa a sama, yana tsare zafin rana. Inda zafi ya ƙaru ƙasa ta kan bushe da sauri, ruwa kuma ya kan zo ba bisa ka'idarsa ba: a yi shuka ya ɗauke, can ya zubo gaba ɗaya ya kwashe abin da ya ragu. A 2007 arewacin Ghana ta ga duka biyu, fari da farko, ambaliya daga baya. A 2024 ruwa ya ɗauke cikin Yuli da Agusta, har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya zuwa waje.

Yanzu sa kanka a matsayin uban yarinyar. Rumbu ya ƙare tun ba a kai ga kaka ba. An sayar da akuya, an sayar da kaji, kuɗin kaɗanyar uwargida ya tafi a cefane. Sai ga wata 'yar garin ta komo daga Kumasi da sabon zane, ta ce, "Baba, ba ni ita, ni zan biya kuɗin mota." Uban ba mugu ba ne. Ba ya ƙin 'yarsa. Lissafi ya yi: baki ɗaya ya ragu a gida, watakila kuma 'yan sidi su riƙa zuwa.

A nan ne aikin yara ya kan zama aikin tilas. Kuɗin motar nan bashi ne. Hayar daro bashi ce, wurin kwana ma haka. In yarinya ba ta da ikon barin aiki sai ta biya, bashin kuwa ba ya ƙarewa, ai tilas ke nan, ko babu igiya a ƙafarta. Hakanan a ke yi wa waɗansu yara maza a tabkin Volta, inda masunci kan ba iyaye kuɗi tun gaba, ya tafi da yaro ya riƙa nutso yana warware taru daga kututturen itatuwan da ruwa ya rufe. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 27.6 ke cikin aikin tilas a 2021. Ita da UNICEF kuma sun ce yara wajen miliyan 138 ke aikin da bai kamace su ba a 2024, miliyan 87 daga cikinsu a Afirka kudu da hamada.

Ina magani? Waɗansu su kan ce a kama yaran a mai da su gida. An sha yin haka. Amma in ka mai da yarinya ga rumbun da ba kome, kafin wata biyu za ka sāke ganinta a tasha. Kuɗin da zai yi aiki shi ne wanda ya isa gidan kafin ranar da uban zai yi lissafin nan.

Gwamnatin Ghana ta gwada hanya biyu. Tun 2005 ta soma ciyad da yara a makaranta, tun 2008 kuma akwai shirin LEAP mai ba gidajen matalauta ɗan kuɗi wata bibbiyu. Abu ne mai kyau. Aibinsa jinkiri: masu dafa abincin makaranta sun sha kukan ba a biya su a kan kari ba, yunwa kuwa ba ta jiran ofis. Kuɗin ƙasashen waje ma yana da nasa hali. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, watau USAID, ta kuma soke tallafin da Ma'aikatar Ƙwadagonta ke bayarwa domin yaƙi da aikin yara a ƙasashe da dama. Wanda ya jingina da bangon nan kaɗai, ya sha ƙasa.

Akwai hanya ta uku, asalinta kuwa ƙasar Hausa ne. A 1991 ƙungiyar CARE ta soma wani shiri da matan karkara a jihar Maraɗi ta Nijar, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Daga adashi aka ɗauko shi, aka gyara. Mata wajen 15 zuwa 30 su kan taru kowane mako, kowace ta zuba abin da ta iya cikin akwati. A wurare da yawa akwatin yana da kwado uku, mabuɗan suna hannun mata uku dabam, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Mai bukata ta ranta ta biya. Akwai kuma ɗan asusu na dabam domin ciwo ko rasuwa ko gobara. Bayan kamar shekara guda a raba abin da ya taru. Yau irin ƙungiyoyin nan sun bazu cikin Afirka, har arewacin Ghana da garuruwan masu noman koko.

Ka ga bambancinsa da adashi? A adashi sai layinka ya zo. A nan kuwa mace tana iya ɗauka ran da ta matsu, ta sayi buhun masara, ko ta biya kuɗin rigar makaranta. Matan kuma sun san juna. Sun san gidan da aka daina hura wuta da rana, sun san yarinyar da ta yi mako biyu ba ta je aji ba. Ba wani ma'aikaci daga birni da zai san wannan da wuri kamarsu.

Amma kada in ruɗe ka, akwatin yana da iyaka. Ciwo gida ɗaya ya kan kama, fari kuwa gari duka ya ke kamawa rana ɗaya. Sa'an nan kowa yana son rance, ba mai zubi. Nan ne kuɗin waje ya ke da amfani ƙwarai, in an zuba shi ta hannun ƙungiyoyin da ke tsaye tun dā: a ƙara musu jari a shekarar fari, a saya musu hatsi da kaka sa'ad da ya ke da araha a ajiye a rumbun tsimi, a taimake su da rijiya da lambun rani domin a sami abin yi bayan girbi. A ganina wannan ya fi taron otel goma.

Kai fa, ɗan kasuwa? Kuna da ƙungiyar 'yan albasa, ta 'yan goro, ta mahauta, kuna da sarkin zango da magajiyar kasuwa. Kuna tara kuɗin biki da na jana'iza ba wanda ya koya muku. Kuna iya keɓe wani abu domin yarinyar da ta ke son komawa gida bashi ya riƙe ta, ku biya, ku kuma aika wa ƙungiyar matan garinsu domin kada ta tarar da abin da ya kore ta. In wani ya zo maka da yaro ya ce ka ba da kuɗi tun gaba ka riƙe shi, ka ƙi. Ghana tana da dokar hana fataucin mutane tun 2005, ofishin jin daɗin jama'a na gunduma kuma yana karɓar irin wannan ƙara. Gobe kuma, kafin ka ɗora wa yarinya buhu a ka, tambaye ta shekarunta, da sunan garinsu, da wanda ke karɓar kuɗin da ka ke biyanta.