Saƙon Kusanci da Saƙon Talla: Yadda Masu Sana'a ke Magana da Abokan Ciniki ta Wayar Salula

1.0 Gabatarwa

Tela da mai aski da bakanike da mai wanki da guga duk aikin hannunsu suke sayarwa, don haka arzikinsu ya rataya ne a kan mutumin da ya zo yau ya sake dawowa gobe. A da, ƙafa da baki ne ke riƙe wannan hulɗa. Tun da aka aika da gajeren saƙon waya na farko a Ingila a Disamba 1992, sannan manhajar WhatsApp Business ta fito a 2018, wani sashe na hulɗar ya koma rubutu. Wannan takarda za ta bambanta nau'o'in saƙo biyu da masu sana'a ke aikawa, wato saƙon kusanci da saƙon talla, ta fuskar harshe da ta amfani.

2.0 Sigar Saƙonnin

A dubi waɗannan misalai daga bakin tela ana dab da ƙaramar salla:

(1) Salamu alaikum Hajiya, an sha ruwa lafiya? Leshin da aka kawo ran Talata an gama ɗinka shi. In an samu sarari sai a aiko a karɓa.

(2) Garaɓasa! Salla ta matso. Ku garzayo shagonmu, akwai ragi na musamman. Kada ku bari a ba ku labari!

Idan aka lura, misali na (1) ya buɗe da sallama da laƙabin girmamawa, ya kuma ambaci abin da mutum biyu kaɗai suka sani, wato leshi da ranar da aka kawo shi. An yi amfani da wakilin suna na ɓoye (an, aka, a) maimakon "kin" ko "ki", wanda hanya ce ta ladabi ga babba. Buƙatar ma an lulluɓe ta da sharaɗi: "in an samu sarari". Shi kuwa misali na (2) umarni ne tsagwaronsa (ku garzayo, kada ku bari), kuma "ku" ɗin da ke ciki na taron jama'a ne, ba na girmamawa ba. Ana iya tura shi ga mutum ɗari ba tare da an sauya ko harafi ɗaya ba.

3.0 Dalilin Bambancin Tasiri

Malinowski (1923) ya nuna cewa akwai maganar da aikinta ɗaure zumunci ne, ba isar da labari ba. Gaisuwar Bahaushe tana cikin wannan rukuni, shi ya sa ake cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Haka kuma Brown da Levinson (1987) sun bayyana cewa duk umarni yana iya taɓa mutuncin wanda aka yi wa, sai an sassauta shi. Ke nan saƙo na (1) ya kare mutuncin Hajiya, ya kuma ba ta labarin da take jira. Saƙo na (2) nema yake daga gare ta, bai kawo mata komai nata ba.

Wannan ba ya nufin talla ba ta da gurbi. Ita ce ke sanar da sabon shago ko sauyin farashi ko ragin salla. Illarta tana cikin yawaita. Wanda ake damu da ita kullum yakan daina buɗe saƙo, ko ya toshe lambar, ranar da saƙo mai muhimmanci ya zo kuma ba zai gan shi ba. Don irin wannan koke ne hukumar sadarwa ta Nijeriya ta samar da lambar 2442 a 2016, domin masu waya su dakatar da saƙonnin da ba su nema ba. Shi ma kamfanin WhatsApp, tun 2023, ya raba saƙon talla da saƙon hidima a tsarin kuɗin da yake karɓa daga kamfanoni.

4.0 Wasu Matsaloli

Matsala ta farko ita ce kusancin ƙarya. Wasu kan liƙa sunan mutum a kan talla, su fara da doguwar gaisuwa, ƙarshe su ɓuge da "ku garzayo". Hausawa sun daɗe da raɗa wa wannan suna: gaisuwa da roƙon iri. Suna kaɗai ba ya mai da saƙo na kusanci. Abin da ke ciki ne zai nuna an san mutumin.

Ta biyu ita ce sirri. A gidaje da dama waya ɗaya mutane da yawa ke taɓa ta. Saƙon da ya ambaci bashi ko cikon kuɗin ɗinki yana iya tona asirin abokin ciniki, balle a jefa shi cikin zauren jama'a. Gana tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012, Nijar tun 2017, Nijeriya kuma ta kafa tata a 2023.

Ta uku ta shafi rubutun Hausa. Gajeren saƙo yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa ɓ ko ɗ ko ƙ ko ƴ sai ya koma 70, domin babu su a jerin haruffan asali na tsarin. Saboda tsimi da gaggawa, akan jefar da ƙugiya, ma'ana kuma ta rikice. Telan da ya rubuta "bakin yadi" bai fayyace ko gefen yadi yake nufi ko baƙin yadi ba.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a ga cewa bambancin saƙonnin biyu yana bayyana a wakilin suna da sigar aikatau da kuma abin da aka ambata. Mai sana'ar da ya yawaita saƙon kusanci, ya taƙaita talla ga lokutan da suka dace da waɗanda suka amince, shi ne ya fi riƙe abokan cinikinsa. Ana son ɗalibi ya tattaro saƙonni goma irin waɗannan, ya goge sunaye da lambobi, sannan ya rarraba su bisa ma'aunan da aka kawo a sashe na 2.0.